Tsanin da Na Kwantar Ƙasa Ranar Jarrabawa

A farkon shekarun 1980 ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na kolej a Bouza, ɗan manomi daga wani ƙauye kusa da Allakaye, kuma babu abin da nake taƙama da shi irin hadda. Tun a makarantar allo aka san ni da ita, abin da na ji sau biyu ya zauna ke nan. Faransanci ne ya ƙi ni, har ya sa na maimaita aji, don haka jarrabawar BEPC ta wannan shekarar ita ce damata ta ƙarshe. In na faɗi, lakwal, wato makarantar boko, ta sallame ni, sai gona. Lissafi nake sa ran zai cece ni.

Da muka zo kan sinus a darasin kusurwoyi, malaminmu na lissafi, da muke ce wa Mushe, ya ba mu jadawali: kowace kusurwa, daga digiri ɗaya zuwa casa'in, ga lambarta a gabanta. Na ce wannan ai nawa ne. Na kwafe a kaye, littafin rubutuna, na sa masa murya irin ta karatun allo, ina rerawa a hanyar rijiya, ina rerawa a zauren mai masaukina bayan la'asar. Kafin wata ya cika, 'yan ajinmu na kiran kusurwa ina jefo musu lamba tun ba su rufe baki ba. Kaina ya kumbura, ba na ɓoye muku.

Mushe kaɗai ne bai yaba ba, abin ya kuwa ba ni haushi. Wata rana ya kira ni gaban tablo, babban allon aji, ya rubuta 0,5, wato rabi, ya ce in faɗi kusurwar da sinus ɗinta ke nan. Na tsaya ina rerawa a zuci tun daga digiri ɗaya, leɓɓana na motsi, sai da na kai talatin sannan na amsa, aji duk ya fashe da dariya. Ya ce hanyar zuwa na sani, ban san ta komowa ba. Ya ce jadawalin kowa za a ba shi a ɗakin jarrabawa, abin da ba a rabawa shi ne sanin me lambar take nufi. Ya ce in same shi ran Alhamis da marece ya nuna mini. Na ce to, ban je ba. A raina cewa nake ƙyashi ne kawai, tun da shi kansa sai ya duba takarda.

A Madaoua muka yi jarrabawar. Aka ba mu tsani mai mita biyar jingine da bango, kansa ya kai tsayin mita uku, aka ce mu nemo kusurwar da ya yi da ƙasa. Na raba uku da biyar, na samu 0,6. Na rera haddata daga farko har ƙarshe, babu 0,6. Talatin da shida na ba da 0,5878, talatin da bakwai na ba da 0,6018, tawa lambar ba ta ciki. Na sake rerawa, jadawalin na gabana ban ko kalle shi ba don girman kai. Daga ƙarshe na yanke cewa lambar ita ce kusurwar, na rubuta digiri 0,6. Wato tsanin da aka ce yana jingine da bango, ni na kwantar da shi ƙasa. Sauran tambayoyin duk a kan wannan amsar suka dogara, duk suka bi ta. Da sakamako ya fito, maki kaɗan ne suka hana ni. Babana bai yi faɗa ba, ya ce dama gonar gero na son hannu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan wasu shekaru ina aikin jera duwatsun tare ruwa a tuddan Keita, na ga mai awon gangare yana lissafi da irin jadawalin nan. Na cije na tambaye shi. Ya ce lambar rabon tsayi ne da tsawo, tana ƙaruwa duk sa'ad da abu ya ƙara miƙewa, in taka ta faɗa tsakanin biyu sai ka ɗauki mafi kusa, ka dubi kusurwar da ke gefenta. Bayanin bai kai shan shayi kofi ɗaya ba. Na zauna kan dutse cike da takaici.

Shi ya sa nake rubuto muku. Ɗalibai, hadda baiwa ce, amma in kun haddace abu ku juya shi baya ku gani ko yana amsawa. In malami ya ce ba ku gane ba, ku je ku ji, ko da ranku ya ɓaci. Ni yanzu na san amsar, kusan digiri talatin da bakwai ce. Sai dai babu mai sake tambayata.