Almakashin Malam Tak

Kayen da Malam Tak Yong-gil ya sha a hannun Madam Bang, dillaliyar gidaje ta bakin layinmu a Daegu, a gabana aka yi shi. Ta rubuta a tallar gidansa cewa kudu yake kallo, don a nan gida mai kallon kudu ne ke samun rana, shi masu saye ke so. Shi kuwa ya zo da kamfas mai nuna gabas da yamma ya ɗora mata a tebur.

"Kudu maso yamma ne, Madam. Ki gyara."

"Malam, wa ya taɓa sayen kudu maso yamma? A garin nan duk gidan da rana ta leƙa ko sau ɗaya, kudu ne."

"Ƙarya ce ke nan."

"Gida ka kawo min, ko jarrabawa ka zo yi wa maki? Ɗauki agogonka ka je ka share baranda."

Ya ce ba agogo ba ne. Ta ce ko mene ne, ba ta ga ya jawo mai saye ba. Ya fita yana huci, talla ta ci gaba da kallon kudu.

Haka yake tun yana ɗan manoman tafarnuwa a Uiseong. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi, ban taɓa jin ɗalibin da ya yi kewarsa ba. Mutum ne da zai tsaya wa jar danja a titin da ko kyanwa ba ta bi. Ni da nake ƙasansu a hawa na huɗu, ko gaisuwata sai ya gyara mata zama.

Matarsa, Maman Hye-ran, ita ce mutum. Gwiwoyinta sun mutu, ga su a hawa na biyar, ginin kuma babu lif. Tun bayan bikin sabuwar shekara ƙafarta ba ta taka ƙasa ba. 'Yarsu ta samo musu wani gida a hawa na ƙasa kusa da ita, amma sai an sayar da wannan tukuna.

Aka shiga gyara. Aka manna sabuwar takardar bango. Tulunan kimchi, kabejinmu da ake tsumawa da barkono, da na waken miya aka sauko da su barandata, wai kada wari ya kori mutane, kamar masu sayen a wata ƙasa aka haife su. Satin farko mutane biyar suka zo. Kowa ya tuɓe takalmi, ya buɗe famfo, ya kora ruwan banɗaki ya kasa kunne, ya leƙa sif ɗin mutane babu kunya. Malam kuwa yana biye da su a baya yana ba da rahoto: rufin yana zafi da bazara, tagar kicin tana cijewa, matakala saba'in da biyu ce. Madam Bang har taka masa ƙafa ta yi. Babu wanda ya dawo.

Na ce masa, "Malam, abin da kowa ya sani ne. Ka je gidan gashin nama mai cinkoso, ka sato almakashin da suke yanka nama da shi, ka rataye shi baki ƙasa a bakin ƙofa. Sata fa, ba aro ba. Cinikinsu zai biyo shi."

"Iya, ke da shekarunki, har yanzu camfi?"

"Kai da iliminka, har yanzu matarka a sama?"

Bai gaishe ni ba kwana tara. A na goma ya sa kwat ɗinsa ta jana'iza, ya tafi gidan naman wani mai suna Maeng da rana tsaka, ya ci abinci yana gumi, ya soke almakashi a hannun riga. Sai dai ɓarawon namu ya bar takarda ƙarƙashin faranti: sunansa, adireshinsa, lambar ƙofa, da alkawarin mayarwa bayan ciniki. Har da kwanan wata.

Washegari sai ga Maeng, ƙato mai tumbi, riƙe da takardar. Na bi shi sama, don ba a yin irin wannan babu ni. Madam Bang ma tana ciki. Da ta ji labari ta dafe kai: "Satar da aka sa wa hannu ai ba ta aiki! Ka ɓata almakashi a banza."

Maeng ya jingina da bango yana numfashi sama-sama. "Baba, ba ka ji kunya ba? Malami guda! Sa'ata ka ɗauko ka rataye kan akwatin takalma. Tun jiya teburi biyu babu kowa. Ba ni kayana."

"Teburi biyu ba hujja ba ce a lissafi."

"Ba ni kayana, ko na kira ɗan sanda!"

Maman Hye-ran tana daga kujera tana cewa a ba shi abinsa, a rufa asiri. Malam ya tare ƙofa, ya ƙare wa tumbin Maeng kallo.

"Sau ɗaya ka hau benen nan, ga ka nan kana haki kamar za a kira maka motar asibiti. Ita wata huɗu ke nan ba ta ga titi ba. Kira ɗan sandan, shi ma ya hawo. Almakashin nan zai sauka ranar da ta sauka."