Atamfar Da Ta Hana Ni Hatsi

Har yau ban yafe wa masu rabon agaji ba, kuma ba ni da niyya.

A Talata Mafara muke zaune, gonarmu tana fadama ta wajen Bakura. Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa bai ƙara hawa fadamar ba, shinkafa ta bushe a tsaye. Maigidana mahauci ne, ya rasu da bazara, ya bar ni da 'ya'ya uku da tukunya a kife. Sai aka yi shela za a raba wa mabuƙata hatsi a filin makaranta.

Mu a wurinmu mace ba ta zuwa gaban hukuma a wulaƙance. Na buɗe adaka na ciro atamfar aurena, na yi wanka, na sa kwalli. Har rana ta take ina layi. Da na iso gaban tebur, malamin da ke rubuta sunaye ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, mi kika zo nema? Wagga atamfa ta hi albashina."

"Malam, atamfa aka dahwawa?"

Aka yi dariya, har da shi. Ya ce ta baya ta matso.

Na dawo hannu Rabbana. Maƙwabciyata, wata Kirista da mijinta ya yi ritaya daga aikin duba shanu, ta auno mini gero a kwano. Ta ce su fansho na zuwa duk ƙarshen wata, ba yawa, amma ba mai leƙa tukunyarsu kafin a ba su. Maganar ta tsaya mini a rai. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, na iya faɗinta a fili: a ba kowa ɗan abu duk wata, mai atamfa da mai tsumma, kowa ya san inda ke masa ciwo. Da an yi mini haka, da fura na dama na sayar, ban tsaya layin kowa ba.

Amma ranar na gaji da tunani. Geron kwano kwana biyu zai yi mana, rabo kuwa washegari za a rufe shi.

Da safe na ninke atamfa na mayar adaka. Na yaye tsumman da muke rufe akurkin kaji da shi, na kakkaɓe, na ɗaura. Babbar ɗiyata ta saki muciya tana kallona. Na bar takalmana a ƙofar ɗaki, na nufi filin makaranta.