Ranar da Kwamfuta Ta Raba Baba da Tumatirinsa

Aikina na farko bayan na gama koyon tafireta a Zariya, a ofishin wata ƙungiyar masu noman tumatir na same shi, a Ikara. Ɗaki ɗaya ne da benci biyu da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, amma ni a nan aka haife ni, don haka har manoman suka saba da ni ba wanda ya ɗauke ni baƙuwa.

Zamanin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu. Mai ya yi wuya, babbar motar da ke kai kaya Kudu sai an yi da gaske take samuwa, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Saboda haka babban aikin ƙungiya shi ne tsara layi: wa za a ɗaukar wa kaya ranar Litinin, wa Talata, a wane ƙauye, kwando nawa. A kan wata takarda mai faɗin tabarma ake rubuta wannan, an ja mata layuka da rula. Idan mutum ɗaya ya ce kwandunansa sun ƙaru, sai a goge, a sake haɗa jimla daga sama har ƙasa. Wasu wuraren an goge su da yawu har sun huje, kana iya leƙen mai shigowa ta ciki.

Layin bisa girma yake tafiya. Na farko kullum wani dattijo ne na Saulawa da kowa ke ce wa Baba, shi ya fi kowa shekaru da faɗin lambu. Ta ƙarshe kuwa wata Mama ce 'yar cocinmu daga Kurmin Kogi, mijinta ya rasu ya bar mata ɗan lambu mai ba da kwando huɗu.

Ciyaman ɗinmu wani Alhaji ne mai son sabon abu. Wata rana ya je Kano ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, ya tura ni Zariya na yi mako biyu ina koyo. Abin da aka koya mini shi ne wani shafi da ke fitowa a gilashinta, an yanka shi gida-gida kamar ramukan dara. Ka sa suna a wannan gida, ƙauye a na kusa da shi, adadi a na gaba, sai ita ta haɗa jimla da kanta. Idan ka canja lamba ɗaya, jimlar ta canja kafin ka ɗaga yatsa. Malaminmu ya ce su ma 'yan kasuwar ƙasashen waje da shimfiɗa takarda suka fara, sai wani ya gaji da gogewa ya ƙirƙiro wannan. Na ji daɗi da na san ba mu kaɗai muke goga da yawu ba.

Da na dawo na tarar an yi wa kwamfuta mazauni. An lulluɓe ta da zanen gado mai fure, an juya mata fanka ita kaɗai, mu kuma muna gumi. Ciyaman ya ji an ce tana kamuwa da cuta, sai ya kafa dokar cewa mai mura ya tsaya daga taga. Na kwana uku ina kwafe tsohuwar takarda a cikinta, duk lokacin da aka kawo wuta. Ranar da na gama, Ciyaman ya naɗe takardar ya miƙa wa mai ƙosai ta bakin titi.

"Zamaninta ya wuce," in ji shi.

Wata ranar Asabar ya gayyato baƙi, wasu dillalan rake da mazarƙwaila daga Makarfi da wani mai dankali daga Kudan, don su ga abin da Ikara ta mallaka. Suka tuɓe takalma ba tare da an ce su tuɓe ba. Na nuna musu jimla tana canjawa, suka gyaɗa kai, amma na ga Ciyaman yana son abin da ya fi haka.

"'Yata, sa ta ta yi wani abu," ya ce mini ƙasa-ƙasa.

Sai na tuna an koya mana yadda take jera sunaye bisa haruffa, daga A zuwa Z. Na zaɓi jerin sunaye, na danna. Cikin ƙiftawar ido sunaye suka yi layi kamar 'yan makaranta a asambuli. Mai dankali ya miƙe tsaye. Wani daga cikin mutanen Makarfi ya tambaya ko tana iya jera 'ya'yansa haka da safe. Kaina ya yi girma. A daidai nan ƙwan lantarki ya fara lumshewa, na yi maza na adana aikin a faifai, na buga kwafi biyu a firinta. Ɗaya aka manna a ƙofar ofis, ɗaya aka ba direban da zai yi lodi ranar Litinin.

Abin da ban lura ba shi ne sunaye kaɗai na zaɓa. Su suka tashi suka sauya wuri, amma ƙauyuka da kwanduna da ranaku suna nan inda suke. Sunan Mama na gaskiya da A ya fara. Na Baba da Z.

Ranar Litinin da hantsi ina share ofis sai ga Mama ta shigo, ta ci kwalliya da zanenta na zuwa coci. Muka gaisa, ta zauna, ta daɗe tana gyara ɗankwali.

"'Yar nan, an ce takarda ta fito wai ina da kwando sittin a Saulawa."

"A Saulawa kuma, Mama?"

"Haka jikata ta karanta mini a ƙofa jiya. Marigayi bai taɓa gaya mini yana da lambu can ba. Amma dama shi mutum ne mai zurfin ciki. Na zo ne a nuna mini wurin."

Tana rufe baki sai ga babbar mota ta tsaya a ƙofar ofis, bayanta wayam. Baba ya sauko daga gidan gaba da sandarsa, direba na biye da shi riƙe da takarda. Ashe direban ya isa Saulawa tun da sassafe yana cigiyar wata mata da ba wanda ya taɓa jin sunanta. Baba na tsaye a gefen kwandunansa sittin, amma direba ya ƙi loda ko ɗaya, ya ce shi takardar kwamfuta aka ba shi, kuma a cikinta Baba mutumin Kurmin Kogi ne, kwandonsa huɗu, ranarsa Asabar.

Baba bai fara da faɗa ba. Ya gaida Ciyaman, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikin mahaifiyarsa. Ya gaida Mama, ya gaishe ni. Sai da ya zauna ya jingine sanda sannan ya ce, "Alhaji, ina wadda ta mayar da ni Kurmin Kogi?"

Ciyaman ya dubi zanen gado mai fure. "Baba, ai na'ura ba ta ƙarya."

"To. Ni nake ƙarya ke nan, ko tumatirin?"

"Ba haka nake nufi ba. Wataƙila ta hango wani abu ne da mu ba mu hango ba."

"Idan ta hango, a tambaye ta wa zai sha kwando sittin na miya jibi, don yanzu haka rana tana dukansu."

Mama ta sa baki a hankali, ta ce ita ba ta son rigima, idan an raba biyu ma ta yafe sauran.

Na karɓi takardar daga hannun direba, na duba layi uku kawai na gane abin da na aikata. Na durƙusa a gaban Baba na ce laifina ne, na bayyana yadda aka yi gwargwadon iyawata. Ya saurara har na gama.

"Wato kan wani kika ɗora a wuyan wani."

"Haka ne, Baba."

"Mutum nawa?"

"Kowa da kowa."

"To, alhamdu lillahi, ba ni kaɗai aka raina ba. Ɗauko tsohuwar takarda a gyara."

Ciyaman ya yi tari, ya ce tsohuwar takarda tana wajen mai ƙosai. Aka tura direba. Ya dawo da wani ɓalli mai faɗin tafin hannu, ya jiƙe da mai, babu abin da ake iya karantawa sai kalmar "Laraba".

Baba ya ce a kunna na'urar, shi zai faɗa. Babu wuta, sai aka aro janareta wajen mai walda. Janareta ba mai, gidajen mai kuwa duk a rufe. Sai idanu suka koma kan babur ɗin Ciyaman da ke jingine a gindin mangwaro. Da bakinsa ya zuƙo man ta tiyo, ya kuma haɗiyi kaɗan, ya yini yana gyatsa yana juya fuska.

Baba bai yi boko ba, amma ya zauna kusa da ni ya rufe ido, ya fara daga kansa. Ya kawo sunan kowane mutum, ƙauyensa, kwandunansa da ranarsa, wani har da sunan ubansa da dalilin da ya sa aka sa shi bayan wane. Ina bugawa yana faɗa. Inda na yi kuskure sai Mama ta gyara, don ita ma ta san na ɓangarensu. Kafin azahar mun gama, kuma jimlar da ta fito daidai take da wadda na tuna a tsohuwar takarda.

Na ɗauka zai tashi, sai ya ce, "Yanzu nuna mini yadda ta jefa ni ƙasa."

Na adana aikin tukuna, sau biyu. Sannan na zaɓi shafin gaba ɗaya na danna. Aka nuna masa sunansa can a gindi, amma wannan karon da Saulawa da kwando sittin ɗinsa a gefe.

"Ba ta iya farawa ta ɗaya ɓangaren?"

Na ce ta iya. Na danna daga Z zuwa A. Sunan Baba ya hau sama, na Mama ya sauka ƙasa. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Ashe tana da tarbiyya," in ji shi. "Koya mata ne ba a yi ba."

Na buga sabuwar takarda, direba ya tafi da Baba, aka yi lodi kafin la'asar. Kwando uku ne suka lalace, kuma Baba bai sake tayar da maganarsu ba. Mama ta koma gida da kwandonta huɗu, sai dai a ƙarshen mako Baba ya aiko mata da guda ɗaya, ya ce a gaya mata daga lambunta na Saulawa ne. Ciyaman ya tura babur ɗinsa har gida. Washegari ya tara mu ya ce shi ya hango gaba: nan da wasu shekaru kowane ɗan kasuwa zai mallaki irin wannan, kuma za su riƙa girma har sai an gina musu ɗaki na musamman mai ƙofa biyu.

Rabin maganarsa ya tabbata. 'Yata tana sayar da ƙwai a Kaduna, kuma duk masu sayenta da yawan kiret ɗin kowa suna cikin irin wannan shafi a wayarta. Ta ce mini har an fara yin wanda za ka yi wa magana da baki ya tsara maka. Kwanaki ta nuna mini wata 'yar kibiya mai lanƙwasa, ta ce duk ɓarnar da mutum ya yi, yana taɓa ta komai zai dawo yadda yake. Na karɓi wayar na goge mata masu saye goma, na taɓa kibiyar, suka dawo. Na sake gogewa, suka sake dawowa. Ina cikin yi na biyar ta karɓe wayarta, ta ce caji ya kusa ƙarewa.