Manyan Haruffan Babanmu

Babanmu a maɗaba'a ya tsufa, kuma aikinsa guda ne: shi ke jera kanun labarai. Ƙananan haruffa na wasu ne. Nasa na katako ne, dogaye, masu kauri, matsattsu don doguwar kalma ta samu wuri a layi ɗaya, kowanne da faffaɗar ƙafa kamar ya sa takalmin soja. Abokan aikinsa Mai Kanu suke ce masa. Gobara, hatsarin mota, rushewar gini, duk ta hannunsa suke bi kafin gari ya sani. Wataƙila shi ya sa fara'a ta yi masa wuya. Mama takan tsokane shi: "Malam, kai ko barka za ka yi wa mutum, sai ya ɗauka ta'aziyya ce."

Ni ce autarsu, don haka ina gida lokacin da idon Mama ya fara dushewa. Likita ya duba ya ce ba aikin da za a yi, sai haƙuri. Yayanmu, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya zo ya yanke hukunci: duk ranar da Mama ta kasa bambance maganin safe da na dare, zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma ɗan ƙaramin ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan nasa, mai ɗaukar mutum guda, kuma Baba ya yi ƙememe ya ce shi ba zai kwana a falon matar ɗansa ba. Kowa ya gane abin da ake nufi. In Mama ta tafi, ita kaɗai za ta tafi.

Baba bai yi gardama ba. Washegari ya dawo daga aiki da ƙananan takardu masu kauri a aljihu, tawadarsu ko bushewa ba ta gama yi ba. GISHIRI. SUKARI. SAFE. DARE. Haruffan da suka saba shelar mutuwa, ga su a jikin gwangwani da kwalaben magani. Ya lilliƙa su da kansa, yana karkata kai yana duba ko layin ya miƙe, sai ka ce shafin farko ne.

Mama ta ɗaga kwalba kusa da fuskarta ta yi dariya. "To, yau gishirina ya shiga jarida."

Haka muka yi ta tafiya. In takarda ta sha mai ko ta yage, ya bugo sabuwa. In ya ga tana jinkiri, ya koma akwatin haruffan da suka fi girma. Yaya in ya zo yakan miƙa mata kwalba kamar da wasa, ita kuma ta riƙe, ta juya ta a hannu, ta ce, "Na dare ne, kai ɗan nan, jarrabawa kake min?" Baba ya gyara zama yana hura hanci.

Sai mai maɗaba'ar ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da injin ga masu sayen tsohon ƙarfe. Haruffan kuwa, kafin Baba ya ji labari an kwashe su a buhuna. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Takardun kicin suka ci gaba da tsufa, babu mai sake su.

Yaya ne ya ga sun yi baƙi, ya ce a bar masa. Ya sa aka bugo wasu da kwamfuta, irin haruffan Baba sak, har sun fi girma da baƙi, aka rufe su da leda don kada mai ya taɓa su. Baba ya duba ya duba, ya rasa abin kushewa. "Ba laifi," ya ce, wanda a bakinsa babban yabo ne. Da hannunsa ya ɓare tsofaffin ya liƙa sababbin.

Da yamma muna zaune duka, Mama ta ɗora kwalaben maganinta biyu a cinya, ta ɗauki ɗaya. Na ga babban yatsanta yana bin jikin ledar, sama da ƙasa, sama da ƙasa.

"Wannan ai ba a rubuta komai ba," ta ce.

Harafin katako in inji ya danna shi, yakan bar gurbi a takarda, ɗan lotsawa da yatsa ke ji. Baba ya fi kowa sanin haka, amma bai taɓa kawo shi a ransa ba.

"Tun yaushe kika daina gani?" ya tambaye ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"An jima, Malam. Ka yi haƙuri. Na ga kana jin daɗi, ni ma ina son ɗakina."

Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji na Baba a ranar ba. Ya buɗe baki zai roƙi Yaya, ya kalli kwalaben biyu da ke cinyarta, ya fasa.

Ranar tafiya ni na haɗa mata kaya. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ta hannun daman motar Yaya, hannayensa a baya. Da motar ta tashi, Mama ta fito da hannu ta tagar hagu tana ɗagawa, tana fuskantar katangar maƙwabta inda babu kowa. Sai na ga tsohon nan ya zagaya bayan motar da sauri, har yana tuntuɓe, ya je ya tsaya jikin katangar daidai inda take ɗaga wa hannu.