Allura Huɗu a Roba Ɗaya

Mu biyar ne a ƙofar gida ranar: ni, da babban ɗana, da ƙanen Malam, marigayi maigidana, da tsohon makaniken da ya fi shekara talatin yana taɓa motar Malam, sai mai sayen gwangwan, wanda ya ce gaisuwa ce ta kawo shi. Na amsa gaisuwar, tabarma kuwa ban ba shi ba.

Motar mai shan gas ce, ta girmi duk 'ya'yana. Da ita Malam yake ɗauko shinkafa daga fadama ya kai Jahun ko Kaugama. Daminar da ta biyo bayan rasuwarsa kogi ya shigo mana unguwa, motar ta yi kwanaki tsaye cikin ruwa, daga nan ba ta sake tashi ba. Dangi suka ce ta tare hanya. Na nemi a gwada ta sau ɗaya. Aka tsayar da magana a gabana: idan ba ta tashi yadda ya kamata ba ranar Asabar, mai gwangwan ya ɗauka. Na ce na yarda.

Ban yi boko ba, lamba ma ban san ta ba, amma na san nozul. Huɗu ne, su ke fesa mai cikin inji. Kowanne da siririyar allura a cikinsa, kowace allura kuma da gidanta, tare aka yi su, tare suka tsufa. In aka kai ta gidan wata, ko ta cije ko ta yi sako-sako. Saboda ban san lamba ba, Malam ya sa na ware kwanuka huɗu: jar langa, farar tasa, samira, da wani kofin silba mai lotsattsen baki. Duk ƙarshen damina yakan kwance nozul ɗin a wanke, ni in tsare kowanne a kwanonsa. Ba a sa musu tsumma. Yatsa ne kawai, da man da na tace da farin ƙyalle.

Makanike ya tsufa, idonsa ya yi hazo. Ya daɗe kafin ya ciro su. Yana miƙo min ina sa kowanne a kwanonsa.

"Yaya, wannan tuwon wa za a kai wa?" in ji ƙanen Malam. "Kwano huɗu, ba miya."

"Kai dai da ko keke ba ka taɓa riƙewa shekara biyu ba, ka yi shiru."

Ya yi dariya, mai gwangwan ma ya taya shi. Na dube shi sai da ya haɗiye tasa.

Aka kira azahar. Maza suka wuce masallaci, na rufe kwanukan da faifai na shiga ciki. Kuskurena ke nan, da na shiga da su ɗaki. Da na fito na tarar ɗana ya riga kowa dawowa. Ya juye duka huɗun a robar wanki, ya zare allurorin, yana goga ɗaya da sanfefa kamar mai wankin gindin tukunya.

"Me kake yi?"

"Tsatsa na gani, Inna. Dubi yadda ta yi ƙyalli."

"Wa ya ce ka haɗa su?"

"Ai duk iri ɗaya ne."

Mutum ne mai 'ya'ya biyar, da furfura a gemunsa. Ban zage shi ba. Na miƙa hannu ya ba ni, na ce ya matsa daga hasken.

Na zauna a kan turmi da robar a cinyata. Malam ya taɓa nuna min yadda ake ganewa: a shafa wa allura mai, a sa ta a gida, a jawo ta kaɗan, a karkata, a saki. In nan ne gidanta, da kanta za ta zame a hankali ta zauna. Na yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Makanike ya tsugunna kusa da ni yana cewa, "A hankali, Hajiya, kar ki tura." Har la'asar ta gabato na samu uku. Ta huɗun, wadda aka goge, ko'ina na sa ta sai ta faɗa da sauri, har da ƙara. Na gwada ta fi sau goma, ina sane da cewa ba za ta canza ba.

"A mayar mu ji," in ji makanike, bai dube ni ba.

Aka mayar, aka sa batirin aro. Motar ta yi tari sau uku ta kama. Baƙin hayaƙi ya cika layi, jikinta na kakkarwa, daga cikin injin kuma wani bugu yake fitowa kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Matan maƙwabta suka leƙo.

Ƙanen Malam ya daina wasa. Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Yaya, ai ta tashi. Kowa ya ji. A bar miki kayarki, ni zan gaya wa sauran."

Na tambayi makanike, "Za ta kai Kaugama?"

"Ko gada ba za ta kai ba. Ɗayan zuba yake yi, ba feshi ba. In aka matsa mata zai ƙone fistin, injin ya lalace."

"A samo wani."

"Hajiya, an daina yin irinsa. Na ƙarshen da na sa wa Malam, daga gawar wata motar na ciro a Kano, ita ma an daɗe da yanka ta."

Ɗana na tsaye jikin katanga, ya sunkuyar da kai. Na san in na riƙe motar, kullum zai fita ya gan ta a ƙofar gida, ni ma in gan ta in gan shi. Kuma abin da na yarda da shi, ta tashi yadda ya kamata ne. Na san muryarta tun ina goyon fari, wannan ba ita ba ce.

"Kashe ta," na ce wa makanike.

Ya kashe. Mai gwangwan ya fara gyaran murya, na ce masa ba yau ba.

Da safe bayan na idar da salla na ɗebo ruwa bokiti biyu da sabulu. Na wanke ta tun daga gilashi har tayoyi, na kankare lakar da ambaliya ta bari a ƙarƙashin kujeru, na goge ta ta bushe. Ɗana ya fito zai karɓi bokitin, na ba shi ɗaya. Da muka gama na aike shi wurin mai gwangwan, na ce ya gaya masa ya zo da igiya da motar ja. In zai sa mata wuta ya yanka, ya yi a can wurinsa, ba a layinmu ba.