Ita da Ɗan Fari a Hoto Ɗaya

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, aka naɗe tabarmin da muka aro daga masallaci, sai na rasa abin da zan yi da safiya. Ɗanmu na fari soja ne, kamar yadda na kasance, kamar yadda maza da yawa na unguwarmu a Zuru suka kasance. A bakin daga ya rasu, can gabas, can kuma aka binne shi. Jakarsa aka kawo mana da wayarsa. Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, kukan ne bai zo ba. Ina cin tuwo, ina zuwa masallaci. In an ce mini ya haƙuri, in ce da godiya, kamar mai amsa kira a fareti.

'Yata, ƙanwarsa, mai aikin jinya a Kaduna, ita ta lura da zaman da nake yi. Kafin ta koma ta ɗauko kwamfutata, ta sa mini wata manhaja ta shirya hotuna. Ta zuba komai a ciki: hotunan tsohuwar kyamarata, na albam ɗin da ta bi ɗaya bayan ɗaya ta ɗauka da waya, na wayarta, na wayar marigayin.

"Baba, ga aiki na ba ka," in ji ta. "Tunda ka ƙi magana da mutane, yi da wannan."

"Oda ce?"

"Oda ce, ranka ya daɗe."

Sai na kama. Bayan karin kumallo in zauna a baranda, in buɗe kwamfuta, in yi ta jan hotuna ina jefawa a folda har rana ta iso ƙafata. Da sunan wuri na raba su, don ni haka nake tuna rayuwata. Labanan daban, Laberiya daban, Darfur daban, sannan Legas, Kaduna, Zuru, gonarmu ta Danko. Manhajar tana son ta jera su bisa kwanan wata, amma hakan bai yi ba, domin duk hotunan albam ranar da 'yata ta ɗauke su ta ba su. A lissafinta, rana ɗaya na shiga soja, na yi aure, na yi ritaya.

Takan kuma nuna mini hotunan da suka yi dishi-dishi, da waɗanda aka ɗauka sau biyu, ta ce ko zan goge su. Ban saba zubar da kaya kafin a gama bincike ba. Na buɗe musu folda, na sa mata suna Marasa Kyau, na cire ta daga kundin manhajar yadda 'yata ta nuna mini, don kada ta riƙa nauyi. Na ce in na gama sai in goge su gaba ɗaya.

Na ga yadda mutane iri-iri suke yi da hoton mamacinsu. A kudancin Labanan bango suke ba shi, a falo, inda duk wanda ya shigo shan gahawa sai ya gaishe shi da ido. A Laberiya na ga mata suna gudu ba takalmi, amma da hotuna a leda cikin zani. Maƙwabtanmu Kirista a nan Zuru kan buga fuskar a riga, dangi duka su sa ranar jana'iza, bayan shekara ka ga rigar a jikin wani yana haƙar dankali. A gidanmu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hotonsa ba ya bango, ba ya ko'ina sai cikin kwamfuta.

Matata daga wajen Gwandu take, gidan Fulanin da suka zauna a gari. A wurinsu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda ya zauna. Alkunya ce, da ita aka raine ta. Mu Dakarkari ba mu tsananta haka ba. Uwata har ta bar duniya sunana take kira tun daga bakin rafi, kowa na ji. Da farko na ɗauka matata za ta sassauta in ta daɗe a cikinmu. Ba ta sassauta ba. Da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi zuwa Danko, can ya yi wayo. Da ya dawo hannunmu, "yaron nan" take ce masa. Ya yi gemu, ya samu igiyar soja a hannu, ya haifi nasa, yana nan yaron nan. Shi kuma ya mai da abin wasa. In ya zo hutu sai ya tsaya a ƙofar kicin ya ƙame.

"Inna, yaron nan ya iso. A ba shi abinci ko ya koma bariki?"

Ita kuwa sai ta dubi tukunya ta ce da ƙanwarsa, "Ke, ce ma wancan ya rage mini surutu." Amma naman da ya fi girma a kwanonsa yake ƙarewa.

Da labarin ya zo, ita ma ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yaba haƙurinta. Muna kwana gida ɗaya, muna gaisawa, kowa da nasa shirun.

Wata safiya da damina, ina cikin raba hotunan Darfur, sai ta zo ta ajiye mini kunu. Ba ta tafi ba. Ta tsaya a bayana tana gyara bakin mayafinta.

"Malam."

"Na'am."

"Cikin abin nan naka, akwai inda muke tare?"

"Ni da ke? Da yawa."

"Ba kai ba."

Na juyo. Idonta yana kan bishiyar mangwaro.

"Zan duba," na ce.

"In babu wahala," in ji ta, ta ɗauki faranti ta shige.

Tun da muka yi aure ba ta taɓa roƙona wani abu game da shi ba. Ko kuɗin makarantarsa ta bakin wani take tuna mini. Na san in na ce babu, ba za ta sake tambaya ba har abada.

Na kira 'yata a waya. Ta ce abu ne mai sauƙi. Manhajar tana gane fuska. In na gaya mata sunan kowa, sai in zaɓi mutum biyu, ta fito mini da duk hoton da suke ciki tare. Ta bi da ni mataki-mataki har na kunna wurin.

Sai fuskoki suka cika allon, an yanko kowace a ɗan da'ira, a ƙasa an rubuta da Turanci, wane ne wannan. Na ji harsuna a rayuwata. Na yi ciniki da Larabci, na yi faɗa da direba da Faransanci, na nemi aure da guntun Fulatanci. Ban taɓa jin an yi wannan tambaya ba sallama ba kunya kamar yadda na'urar nan take yi ba. Ga sojojin da muka yi aiki tare waɗanda na manta sunansu, ga waɗanda na san ba su dawo ba. Na tsallake su. Na rubuta sunan matata. Na rubuta sunansa.

Daga nan ta shiga kawo mini wasu fuskokin tana tambaya, wannan ma shi ne? Rabinsu ni ne. Ni ina saurayi cikin kaki a Labanan, da hular nan mai ruwan bula ta masu kiyaye zaman lafiya. Goshi ɗaya, kunne ɗaya. Na yi ta danna a'a, a'a, e, a'a. Wani hoton sai na duba takalmin kafin in san ko ni ne ko shi. Wannan aikin ya ci mini kwanaki. Matata kuma tana kawo kunu tana komawa.

Da na gama, na zaɓi sunanta, na zaɓi nasa, na danna. Allon ya fito fari, ba hoto ko ɗaya.

Na zaɓe shi shi kaɗai, hotuna suka zubo. Ga shi da kakarsa a Danko yana riƙe da ɗan akuya. Ga shi ranar gama horo, ni a damansa, ƙanwarsa a hagu. Ga ranar aurensa a Ribah, dangi reras cikin anko. Na san inda matata take a kowanne. Ranar gama horo ta ce ƙafarta na ciwo. Ranar aure tana cikin ɗaki da mata. A hotunan Sallah, da an ce a jeru, in ya shigo layi sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Akwai wani da na ɗauka da kaina a tsakar gida, ana ganin gurbinta a kan tabarma, da takalminta ƙafa ɗaya.

Ban gaya mata ba. Na rufe kwamfutar na tafi masallaci, na dawo, na ci abinci. Washegari na koma raba hotunan Darfur kamar ba a yi ba. Raƙuma a folda ɗaya, tantuna a ɗaya.

Ina cikin haka manhajar ta sake nuna mini wani hoto mai dishi-dishi, ta ce ko zan goge. Na ja shi zan jefa a Marasa Kyau, sai na tsaya. Foldar nan ba ta cikin kundi. Duk binciken da aka yi, ba a leƙa ta ba.

Na mai da ita ciki, na jira manhajar ta gama karanta fuskokin, na sake zaɓar su biyun. Fari dai. Amma yanzu na san na'urar fuska kawai take nema, matata kuwa ba ta taɓa ba shi fuska ba. Sai na buɗe foldar na bi da idona. Babban yatsan wani a kan kyamara. Rufin kwano. Ƙafafun mutane a wurin biki. Sama, ba komai a cikinta. Ruwa ya sauko, na ja kujera ciki, na ci gaba.

Can wajen ƙarshe na same shi. Gonar Danko ce, lokacin girbin dawa, hutunsa na ƙarshe ko wanda ya gabace shi. 'Yata ce ta ɗauka, ina jin babur ɗin da aka lafta wa dammuna take so ta ɗauka, hannunta ya motsa. Babur ɗin ya karkace, rabin hoton kara ne. A gefe ɗanmu yana tsaye da singileti, yana dariya, ya miƙa hannu biyu. Matata kuma tana miƙa masa ƙwaryar fura da hannun dama, ta kau da kai gaba ɗaya tana kallon duwatsu. Ƙeyarta kawai ake gani da ɗan kunne. Hannunsa da nata duka suna kan ƙwaryar.

Na jira har ta idar da la'asar.

"Zo ki gani."

Ta zo ta tsaya. Na jawo mata kujera, ta zauna a bakinta. Ta daɗe tana kallo.

"Bai fita da kyau ba," na ce. "Hannun yarinyar ya girgiza."

"Wannan zanen da na ɗaura ya tsufa," in ji ta. "Na ba da shi."

"In ƙara girmansa?"

Ta gyaɗa kai. Na jawo gefen da suke har ya cika allon. Fuskarsa ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, amma dariyar tana nan. A ƙarƙashin haɓarsa manhajar ta liƙa ɗan farin akwati da sunansa a ciki. Matata tana karanta boko. Na ga idonta ya sauka a kan rubutun ya ɗauke da sauri.

"Cire wannan."

"Sunan?"

"Cire, Malam."

Na goge. Akwatin ya koma tambayarsa ta da, wane ne wannan. Na rufe shi ma.

"Ina ka same shi?"

"Cikin waɗanda zan zubar."

Ta matso da kujerar.

"Kada ka mai da shi can."

"Ina zan sa shi? Kowace folda sai da suna."

"Bar shi nan inda yake, a buɗe."

Ban san yadda ake yi ba, sai da na sake kiran Kaduna. 'Yata ta nuna mini yadda zan sa shi ya zama hoton da ke fitowa da an kunna kwamfuta. Ta tambaye ni wane hoto ne. Da na gaya mata, sai ta ce ana kiranta a ɗakin marasa lafiya.

Yanzu bayan la'asar matata takan fito baranda ta ce, "Malam, kunna abin nan." In kunna, in ba ta wuri. Ba ta taɓa komai a jiki. Tana zama ta dube shi kai tsaye, yadda ban taɓa ganin ta yi ba yana raye, har allon ya gaji ya yi duhu, ta kira ni in taɓa shi ya dawo. Wani lokaci nakan ji tana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ina jin harshen, don haka nakan matsa wajen mangwaro.

Ni har yau kukan bai zo ba. Na gama Darfur, na gama Legas. Foldar Marasa Kyau tana nan, ban goge ko ɗaya ba. In ta tashi ta shiga ɗora tukunya, sai in jawo kujerar in ci gaba da Kaduna.