Baƙin Jirgin Baba Harold

Ranar Babbar Sallar 1986 Umma ta aike ni da kwanon soyayyen nama gidan maƙwabcinmu a Annandale ta Amurka, wani tsohon Bature da muke kira Baba Harold. Ita Umma ba ruwanta da addininka, in dai kai maƙwabci ne sai ka ci naman layya. Na tarar ya manna wa hancinsa hoton wani baƙin jirgin sama mai farfela biyu, don idanunsa sun kusa mutuwa. Ya ce a Yaƙin Duniya na Biyu can baya yake zama a irin wannan jirgi, gaban ɗan allon rada, na'urar hango jirage daga nesa. In sun fita farautar jiragen abokan gaba cikin duhu, matuƙin ba ya ganin komai, shi ke faɗa masa inda zai karkata. An ajiye irin jirgin a wani rumbun ajiye tsofaffin jirage a Maryland, burinsa ya gan shi kafin 'yarsa ta kai shi gidan tsofaffi a ƙarshen wata.

Daga ranar na tasa Abba a gaba sai ya kai mu. Ya dawo daga gidan rediyo a gajiye, ina bakin ƙofa. Na share falo ba a sa ni ba, na wanke kwanuka, ni da ake yi wa Hausa in amsa da Turanci sai ga ni durƙushe ina gaisuwa. Ranar Asabar ya ɗauki makulli ya ce, "Ke dai kin cika naci! Je ki kira shi."

Rumbun cike yake da fukafukai da ƙarafa. Na kama hannun Baba Harold yadda nake yi wa Kaka, ya fizge, shi ba a jan sa. Haushi ya kama ni, amma na rantse sai mun isa. Na koma bayansa ina cewa hagu, dama, sunkuya, yana bi babu musu. Da muka tsaya gaban jirgin, inuwa kawai ya iya gani. "Gilashin baya yana nan?" ya tambaya. Na ce yana nan, ya ɗan tsage. Ya cire hularsa, ya kira sunan matuƙinsa a hankali. Tausayinsa ya sa ni kuka.

Satin da ya zagayo aka tafi da shi, ban sake ganin sa ba. Yanzu ina Woodbridge, in na fita da asuba sai magariba, ko sunan tsohon da ke gidan kusa da nawa ban sani ba. Ba a rene ni haka ba.